Sumul ko Mai Haƙora: Tarihin Bakin Wuƙar Aljihu

A shekarar 2008 rundunar sojan Suwizalan ta sauya wuƙar aljihun da take raba wa dakarunta. Tun 1891 da aka fara raba ta, an sha gyara fasalinta. An rage mata nauyi, an sauya ƙarfen ruwanta, a 1961 kuma aka mayar da ƙotarta ta alminiyam. A duk tsawon wannan lokaci abu ɗaya bai taɓa sauyawa ba: bakin ruwan wuƙar sumul yake daga gindi har tsini. Sabuwar da kamfanin Victorinox ya ƙera ita ce ta farko da ta zo da haƙora a mafi yawan tsawon bakinta.

Soja ba ya sauya kayan aiki don ado. Idan rundunar da ta shafe fiye da ƙarni guda tana amfani da baki sumul ta ga dacewar ƙara haƙora, to wani abu ya sauya a duniyar da wuƙar ke aiki a cikinta. Abubuwa biyu ne suka sauya: irin kayan da mutane ke yankawa, da kuma wanda ke wasa wuƙa idan ta dakushe. Duk wanda ya tsaya gaban mai sayar da wuƙaƙe yana tunanin wadda zai saka a aljihu, waɗannan tambayoyi biyu yake amsawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Tun zamanin dutse

Baki sumul shi ne ya fara zuwa. A Gona, cikin ƙasar Habasha, an tono duwatsun da aka fasa da gangan kimanin shekara miliyan 2.6 da suka wuce. Idan aka bugi dutsen da ya dace ta inda ya dace, ɓallin da ke fita yana zuwa da kaifin da zai fede dabba. Daga baya mutanen dā suka gano cewa idan aka bi bakin ɓallin ana ɓantarar ƙananan giɓi a jere, ana samun wani kayan aiki dabam, wanda ke cin itace da jijiya kamar zarto. Irin waɗannan duwatsu masu haƙora suna da yawa a kogunan Turai da Gabas ta Tsakiya inda mutanen Niyandatal suka zauna.

Noma ne ya ba haƙora aikinsu na dindindin. Fiye da shekara 11,000 da suka wuce, mutanen da masana ke kira Natufiyawa, a yankin Sham, suna jera ƙananan ɓallayen dutsen ƙanƙara a cikin ƙota ta ƙashi domin yankan hatsin daji. Manoman tsohuwar Masar sun yi laujen itace suka dasa masa ƙanƙara mai haƙora. Karan alkama da na sha'ir yana da santsi da tauri, kuma yana lanƙwashewa ya gudu daga kaifi. Haƙori yana kama shi ya riƙe har a tsinke shi. Da ƙarfe ya zo, rabon aikin bai sauya ba: lauje da zarto suka ɗauki haƙora, wuƙa da aska suka zauna sumul.

Abin da haƙori ke yi

Yanka iri biyu ne. Akwai na dannawa, inda ake tura kaifi ya shiga kai tsaye, kamar feraye doya, fiƙe fensir ko aski. Akwai kuma na ja, inda ake goga bakin wuƙa a kan abu, kamar yanka igiya ko burodi. Baki sumul ya fi ƙwarewa a na farko, yana kuma iya na biyu muddin yana da kaifi. Baki mai haƙora na biyun kawai ya iya, amma ya iya shi sosai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsinin kowane haƙori yana tara ƙarfin hannu a wuri ɗan mitsitsi, sai ya huda fatar abu maimakon ya zame a kanta. Kwarin da ke tsakanin haƙora yana tattara zaruruwa ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, yana tarar su ta kusurwoyi dabam-dabam. Idan wuƙar ta ci karo da faranti ko ƙarfe, tsinayen ne ke shan bugun, kwaruruwan kuma su tsira da kaifinsu. Shi ya sa wuƙa mai haƙora ke ci gaba da aiki tsawon lokaci bayan da ’yar’uwarta sumul ta mutu. Farashin da ake biya shi ne tsabtar yanka. Haƙori yana yaga kafin ya yanke, yana barin baki kaca-kaca, kuma da yake galibi ta gefe ɗaya ake sassaƙa haƙoran, wuƙar kan karkace daga layin da aka nufa.

Wannan bambanci bai ɓuya ga malaman dā ba, domin a wurinsu magana ce ta halas da haram. Littafin Mishna na Yahudawa, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya hana yanka dabba da laujen girbi ko da zarto, saboda suna yagewa maimakon yankewa. Har yau mahaucin da ke bin wannan doka yakan bi bakin wuƙarsa da farce yana neman giɓi komai ƙanƙantarsa. A mazhabar Malikiyya an ruwaito daga Ibn Habib, malamin Andalus da ya rasu a 853, cewa ya yarda a yi yanka da lauje mai baki sumul, amma ya ƙi mai haƙora irin na girbi, domin gogewa yake yi kamar magagari. Malaman addinai biyu, a ƙarnuka dabam-dabam, sun lura da abu ɗaya, sun kuma yanke hukunci iri ɗaya don rage wa dabba azaba.

Sai dai iyakar da ke tsakanin bakunan biyu ba ta kai yadda ido ke gani ba. A 1665 masanin Ingila Robert Hooke ya wallafa littafinsa Micrographia, wanda a ciki ya zana abin da ya gani da ya sa bakin aska a ƙarƙashin madubi mai girmama ƙananan abubuwa. Abin da ido ke ɗauka miƙaƙƙen layi ne ya bayyana da kaushi, cike da ƙarce-ƙarcen dutsen washi. Kowace wuƙa tana da haƙora, girmansu ne ya bambanta. Mahauta sun san wannan a aikace: wuƙar da aka wasa a dutse mai kaushi ta fi cizon nama da igiya fiye da wadda aka goge har tana sheƙi.

Dogon zamanin baki sumul

Wuƙa mai naɗewa tsohuwar aba ce. An sami ɗaya mai ƙotar ƙashi a Hallstatt, cikin ƙasar Ostiriya ta yau, wadda aka ƙiyasta an ƙera tsakanin shekara ta 600 da 500 kafin Miladiyya. Rumawa ma sun yi ta, wasu da ƙotar hauren giwa ko tagulla. Daga ƙarni na 17 maƙeran Sheffield a Ingila suka shahara da wuƙa mai sifirin a bayanta, wanda ke riƙe ruwan a buɗe ko a rufe. A duk wannan tsawon tarihi, ruwan da ake yanka da shi sumul yake. Inda aka sa zarto, a matsayin wani ruwa na dabam aka sa shi.

Aikin da wuƙar ke yi ne ya wajabta hakan. Marubucin Turai na rubutu da gashin dinya, kuma kullum sai ya fiƙe bakinsa ya tsaga shi daidai, kamar yadda alaramma ke fiƙe alƙalamin kara. Haƙori ba ya wannan aiki. Manomi na yanka cuku da burodi, yana auren reshen itace da wani, yana gyara makamin doki na fata. Hatta matuƙan jirgin ruwa, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan igiya, ba su nemi haƙora ba. Igiyarsu ta zaren tsirrai ce, kuma idan ta yi kauri sukan ɗora wuƙa a kanta su bugi bayan ruwan da guduma ta katako.

Shahararrun wuƙaƙen talakawa duk a kan wannan tsari suka fito. Joseph Opinel ya fara ƙera tasa a 1890 a tsaunukan Savoie na Faransa. Okapi ta fito daga Solingen ta Jamus a 1902, an yi ta ne domin kasuwannin Afirka, kuma daga 1988 a Afirka ta Kudu ake ƙera ta. Douk-Douk ta fito daga garin Thiers a 1929 ta bazu a Afirka ta Arewa da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. A asali dukkansu na ƙarfe ne mai saurin tsatsa, mai saurin dakushewa, amma mai saurin karɓar washi. Mai ita na iya dawo mata da kaifi a kan dutsen bakin rijiya cikin minti biyu.

Wannan shi ne ginshiƙin al’amarin. Baki sumul yana buƙatar mai kula da shi, kuma a wancan zamani masu kula ba su yi ƙaranci ba. Kusan kowane gida na da dutsen washi, kowane yaro ya ga yadda ake yi. Wanda bai iya ba yana jiran masu washi na yawo, irin mutanen Ourense a Sifaniya da ke zagaya garuruwa da dutsensu a kan ƙafar keke suna busa ’yar sarewa, ko na kwarin Rendena a Italiya da suka kai sana’ar har Landan da New York.

Ƙarfe marar tsatsa da wuƙar da ba a wasawa

A 1913 Harry Brearley, yana bincike a Sheffield kan ƙarfen bakin bindiga, ya haɗa ƙarfen da ke da kimanin kashi 13 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam, ya ga ba ya tsatsa. Daga baya masu ƙera wuƙaƙen tebur suka karɓe shi, domin ya raba matan gida da wahalar goge tsatsa kullum. Amma wuƙaƙen farko sun yi ƙaurin suna wajen rashin kaifi, kuma masu araha daga cikinsu sun ci gaba da zama masu taushi, masu wuyar washi. Haƙora suka zama maganin wannan aibi. Ƙarfe marar kirki idan aka yi masa haƙora zai yanka nama a kan farantin tangaran shekara da shekaru.

Ɗakin girki ne ya fara karɓar su. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake sayar da wuƙar burodi mai baki tudu da kwari, kuma a 1921 Joseph Burns na garin Syracuse a Amurka ya sami takardar mallakar fasahar wata wuƙar burodi mai rukunin ƙananan haƙora. Ƙololuwar lamarin ta zo a 1978, lokacin da ’yan kasuwa biyu, Ed Valenti da Barry Becher, suka ɗauki wata wuƙa da ake ƙerawa a jihar Ohio suka laƙaba mata suna Ginsu don ta yi kama da ta Japan. A tallar talabijin ana yanka gwangwani da ita, nan take kuma a yanka tumatir. An sayar da miliyoyi. Abin da aka sayar wa jama’a a zahiri shi ne alƙawarin cewa ba za su sake wasa wuƙa ba, kuma ya samu shiga domin mafi yawan masu kallo sun riga sun manta yadda ake yi.

Igiya ta sauya

A daidai wannan zamani abin da ake yankawa ma yana sauyawa. Wallace Carothers na kamfanin DuPont ya haɗa nailan a 1935, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu aka yi igiyoyin laimar sauka da na jan jirage da shi. A shekarun 1950 aka samo robar polifirofilin, wadda da ita ake yin igiyar roba mai launi da buhunan da suka cika kasuwanni a yau. A 1959 Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel ɗin kujerar mota mai maɗauri uku. Waɗannan zaruruwa suna da santsi da ƙarfi. Wuƙa sumul da ta ɗan dakushe sai ta yi ta zamewa a kansu, musamman idan sun jiƙe ko ba a ɗaure suke tamau ba. Masunci da igiya ta naɗe masa ƙafa, ko ma’aikacin ceto da ke ƙoƙarin fitar da mutum daga motar da ta kife, ba shi da lokacin neman dutsen washi.

Mutumin da ya kawo haƙora cikin aljihu mai sayar da mawashi ne. Sal Glesser da matarsa Gail sun kafa kamfanin Spyderco a 1976, suna yawo daga wannan baje-koli zuwa wancan a cikin tsohuwar motar rabon burodi. A 1978 suka zauna a garin Golden na jihar Colorado, suna sayar da mawashi mai sanduna masu kusurwa uku, wanda gefensa ke iya shiga kwarin haƙori. A 1981 Glesser ya fitar da wuƙarsa ta farko, Worker, mai rami a ruwanta don buɗewa da babban yatsa da maƙali don rataya ta a bakin aljihu. A 1982 ya biyo da Mariner, wadda aka yi domin ma’aikatan ruwa, mai haƙora a tsarin babban kwari ɗaya da ƙanana biyu, ana maimaitawa. ’Yan kwana-kwana, ’yan sanda, masu hawan dutse da masunta suka rungume ta, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu.

Rabi da rabi

A shekarun 1990 kasuwa ta nemi ta gamsar da kowa, sai aka cika ta da wuƙaƙe masu baki gauraye: haƙora a wajen ƙota, sumul a wajen tsini. A kan takarda dabara ce mai kyau. A hannu kuwa lissafin bai cika fita ba. Ruwan wuƙar aljihu bai cika wuce santimita 8 ba. Idan aka raba shi, haƙoran ba su isa a ja su da tsawo a kan igiya mai kauri ba, sumul ɗin kuma bai isa yanka mangwaro a ja ɗaya ba. Ga shi kuma haƙoran sun mamaye wurin da ke kusa da ƙota, inda hannu ya fi ƙarfi da iko wajen fiƙe abu ko feraye shi. Wuƙar sojan Suwizalan ta 2008 ta juya tsarin: ta kai haƙoran gaba, ta bar sumul a kusa da hannu.

Daga farkon wannan ƙarni baki sumul ya sake farfaɗowa a tsakanin masu sha’awar wuƙa. A 2001 kamfanin Crucible na Amurka, tare da maƙeri Chris Reeve, ya fitar da ƙarfen S30V, wanda ake yi daga garin ƙarfe, marar tsatsa kuma mai riƙe kaifi tsawon lokaci. Ire-irensa suka biyo baya. Mawashi mai ƙurar lu’ulu’u ya yi araha, koyon washi kuma ya sauƙaƙa ga duk mai waya a hannu. Da dalilai biyun da suka kawo haƙora suka raunana, ɗaya ta fuskar ƙarfe, ɗaya ta fuskar ilimi, sai haƙoran suka koma wurin da suka fi amfani: jiragen ruwa, motocin ceto da wuraren da ake fama da igiya kullum. A can ɗin ma sun sami abokan takara, domin ma’aikatan ceto da dama sun fi son almakashi ko ƙugiya mai kaifi a ciki, waɗanda ba sa barazana ga jikin wanda ake ceto.

Wanne za a saka a aljihu

Tambaya ta farko ita ce abin da mutum ya yanka a makon da ya wuce, ba abin da yake hasashen zai yanka wata rana ba. Ga mafi yawan ma’aikatan ofis, malamai da ’yan kasuwa, jerin bai wuce kwali, ambulan, leda, lemo, rake, fensir da zaren ɗinkin buhu ba. Kusan duk wannan aikin baki sumul ne. Haƙora za su yaga takarda, su ɓata ’ya’yan itace, su riƙa maƙalewa a kwali da yadi. Wanda kuwa aikinsa ke haɗa shi kullum da igiyar roba, tiyo, taru, bel ko ɗaurin kaya a mota, sau da yawa cikin ruwa ko gaggawa, cikakkun haƙora daga gindi zuwa tsini sun fi masa rabi da rabi.

Tambaya ta biyu ita ce wa zai wasa ta. Sumul yana dakushewa da wuri, amma kowane shimfiɗaɗɗen dutse na iya gyara shi, ko da gindin kofin tangaran ne inda ba a shafa masa sheƙi ba. Haƙora suna jimawa, amma ranar da suka mutu sai an sami siririyar sanda mai tsini an bi kwari ɗaya bayan ɗaya, ta gefen da aka sassaƙa kawai. Idan aka miƙa su ga mai dutsen juyawa, irin waɗanda kasuwarsu ke buɗewa gabanin Babbar Sallah, zai share haƙoran ne gaba ɗaya. A wurin da masu washi suke ko’ina amma sandar wasa haƙora ba ta samuwa, wannan kaɗai ya isa ya karkata ma’auni zuwa sumul.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya shafi bakunan biyu. Wuƙa dakusassa tana sa mutum ya ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfi kuma shi ke sa ta kuɓuce ta faɗa hannu. Raunin baki sumul miƙaƙƙe ne, na haƙora kuwa yagagge ne, ya fi wuyar ɗinki. Wanda ya san ba zai taɓa wasa wuƙarsa ba, gara ya faɗa wa kansa gaskiya ya ɗauki mai haƙora, domin bayan shekara guda ita ce za ta iya tsinka igiya. Wanda zai iya ba ta minti biyar a wata, sumul zai yi masa kusan komai, har da mafi yawan aikin haƙora idan ya wasa ta a dutse mai kaushi. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ma ba a neman kaifi a lokacin da igiya ta riga ta naɗe ƙafa.